Kaushin da Boeta Armien Ya Bari

Mijina Toyer ba ya iya ganin abu mai kaushi ya wuce shi. Duk shekarun aikinsa a wata masana'anta ya yi su a unguwar Salt River, inda ake goge bambar mota da mariƙin ƙofa har su riƙa ɗaukar ido, kuma da ya yi ritaya sai ya tattaro halin ya dawo mini da shi gida. Cokulana duk sun sirance saboda guga. Tukunyar da na gada wurin mahaifiyata, wadda baƙin cikinta ne ke sa miya daɗi, na dawo daga kasuwa wata rana na tarar ina ganin fuskata a gindinta. Na yi kwanaki ba na yi masa magana, shi kuwa bawan Allah bai ma san laifinsa ba.

Yayansa Armien, wanda muke kira Boeta, wato yaya a bakinmu, shi ne na cikin inji. Duk unguwarmu ta Athlone, in mutum yana da tsohuwar mota Cortina ko Escort yana so ta yi numfashi sosai, sai ya kwance kan injin, ya naɗe a tsohon bargo, ya kai masa. A kan injin akwai ramuka iri biyu: na shaƙar iska da fetur daga kafireta, da na fitar da hayaƙi. Na shaƙar su Boeta yake kira maƙogwaro, kuma su ne sana'arsa. Yakan zauna da ɗan injin gurza mai tsinin baki, ya ci ƙarfen kaɗan, ya zura yatsa, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, sannan ya ƙara ci kaɗan. In yana wannan aikin ko gobara ake yi ba ya ɗagowa.

Bai taɓa barin Toyer ya sa hannu a ciki ba. In ƙanen nasa ya matso yana leƙe, sai ya ce, “Kai na waje ne, ƙanena. Je ka goge mana madubi mu ga kyanmu.” Da dariya yake faɗa, Toyer ma ya yi dariya. Amma ni da nake kwana da shi na san inda maganar take sauka.

Boeta yana da tasa Cortinar, shuɗiya, wadda a cikinta ya ɗauko matarsa Rugaya, wadda muke kira Tietie, wato yaya mace, ranar aurensu. Ta yi shekaru a kan bulo a bayan gida, saboda kullum aikin mutane ne a gaba. Kullum kuma yana yi wa Tietie alkawari cewa in ya tashe ta, zai kai ta saman tudun Signal Hill su sha shayi suna kallon teku, yadda suka yi suna matasa. A shekararsa ta ƙarshe ya kama aikin da gaske. Sai wata rana a ƙarshen bazara, bayan la'asar, ya zauna a kujerar tsakar gida da kofin shayi a hannu, bai sake tashi ba.

Tietie ta shiga takaba. Toyer ya sa aka jawo motar zuwa garejinmu, da injinta a warwatse cikin kwalaye, ya aike ni da saƙo: ranar da za ta fita takaba, shi zai zo ya ɗauke ta a wannan motar, ya kai ta inda Boeta ya yi alkawari, ta ji muryar da mijinta ya yi wa injin. Ta ce Allah ya nuna mana. A zatonta ɗaurawa kawai zai yi. Namiji ba ya shiga ya zauna da mai takaba, ni kuma da nake zuwa mata duk Lahadi da koesister, irin fanken nan namu, masu zafi, sun sha suga an barbaɗa musu kwakwa, hirar komai muke yi ban da ta inji.

Ranar da ya warware bargon da kan injin yake ciki, ya ƙwala mini kira daga gareji. Na zo da gari a hannu ina mita. Ya haska mini ramukan hayaƙin, suna ƙyalli sumul. Sannan ya juya ƙarfen ya haska maƙogwaron. Waɗannan kam an faɗaɗa su, an gyara kwanarsu, amma bangonsu kaushi ne, da ƙananan zane-zane a zagaye kamar na tafin babban yatsa.

“Dubi, Liema,” in ji shi. “Rabi ya yi. Ya goge waɗancan, ajali bai bar shi ya goge waɗannan ba.”

Ya zura yatsa yana shafa zanen, idonsa ya kawo ruwa. Can sai na ga wani murmushi yana fito masa ta cikin hawayen, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce cikin duk abin da Boeta zai bari bai ƙarasa ba, sai ya bar guga, abin da shi Toyer ya fi kowa iyawa a garin nan. Ya ce wannan karon an bar masa na ciki.

Daga nan sanyi ya shigo da ruwansa, kwanakin suka narke cikin juna. Da safe hazo yakan taso daga teku ya rufe unguwar har ba ka ganin hasumiyar masallaci, sai dai ka ji kiran salla yana yawo ba ka san ta inda ya fito ba. Toyer yakan shiga gareji bayan karin kumallo ya ja ƙofa, ni kuma daga kicin in riƙa jin ƙaramin injin yana kuka siriri, ya tashi ya sauka, har ya zamar mini kamar wani ɓangare na ruwan saman. Ya fara da samfefa mai ɗan kaushi, ya koma mai laushi, ya koma wadda ta fi ta laushi, daga ƙarshe auduga da man guga. Baƙar ƙurar ƙarfe ta zauna masa a gira da gefen hanci. In na share garejin na tara ta a bakin ƙofa, kafin in ɗauko abin kwasa iska ta tafi da ita.

Ya riƙa yin mafarki, kuma ni ce mai sauraro, a kan teburin safe. Wai yakan ga ya ƙanƙance, yana tafiya a cikin maƙogwaron da ƙafarsa, iska mai ƙanshin teku tana tura shi ta baya a hankali. Ramin yana da faɗi kamar zauren masallaci. A can wajen kwana Boeta yana tsaye da fitila, yana ta kallon bango. Bangon kuwa yana ta zufa, ruwa yana gangarowa yana taruwa a ƙasa har ya kai idon sawu. Toyer ya ce yana jin Boeta kuka yake yi don murna. Na ce masa ya sha kununsa kafin ya huce, ni mijina nake so ba mai fassarar mafarki ba.

Wasu zanukan sun yi zurfi, sai da ya ci ƙarfe sosai kafin su ɓace, ramukan suka ƙara faɗi. Bai damu ba, ya ce ai iska za ta fi sakewa. Duk ramin da ya gama sai ya kira ni in leƙa. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi kyau. Hasken fitila yakan shiga ya bi kwanar ya dawo, in ga idona a can ciki a juye, yana kallona daga nesa. Har nakan daɗe a sunkuye, in manta da abin da na ɗora a wuta.

Abokan Boeta sun zo sun ce za su taya shi ɗaurawa. Ya rufe kan injin da tsumma, ya ba su shayi, ya sallame su. Kishi ne ba wani abu ba. Yana so a ce aikin na mutum biyu ne, shi da yayansa. Ya ga ɗaura inji tun yana yaro, ko da daga nesa ne, don haka ya sa gaskit, ya ɗaure kan, ya ɗora kafireta biyu a gefe da bakunansu a buɗe. Da ya murza makulli ta kama, tana tari. Ya ce sanyi ne. Ya taka totur sosai, ta buɗe murya ta yi wani rugugi mai daɗi har tagar kicin ta amsa. Bai fita da ita titi ba ko sau ɗaya, wai tafiyar farko ta Tietie ce.

Ranar da ta fita takaba an kwana ana ruwa, gari ya waye a wanke, gajimare ya kwanta a kan babban dutsen da ke bayan gari. Muka je da motar tana sheƙi, don ta waje kam ba a magana. Tietie ta fito da mayafi ruwan toka, ta rame, tana ƙifta ido kamar hasken ya yi mata yawa. Ta daɗe da tafin hannunta a kan rufin motar kafin ta shiga. Ta zauna gaba, ni a baya da fulas ɗin shayi da kwanon koesister a cinya.

Tun a danja ta farko na san akwai magana. In Toyer ya taka zai tashi, sai motar ta nutse kamar wadda aka shaƙe, ta yi shiru, sannan ta zabura. Warin ɗanyen fetur ya cika mu. Ya riƙa cewa za ta warware in ta yi zafi. Tietie ta karkata kai gefe ɗaya tana saurare. Muka ratsa cikin gari da kyar. Da muka kama hawan Kloof Nek, inda dole a bi a hankali a bayan bas, motar ta fara atishawa ta bakin kafireta, ta saki baƙin hayaƙi, ta yi jijjiga, ta mutu. Toyer ya gangara da ita gefe. Hazo ya sauko daga dutsen ya lulluɓe mu, har motocin da ke wucewa suka zama fitilu kawai.

Ya buɗe gaba ya kwance fulogi ɗaya. Baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf. Ya kwance na biyu, haka. Yana tsaye yana juya su a hannu, Tietie ta sauke gilashi ta tambaye shi ko ban da ɗaurawa ya yi wa injin wani abu. Sai fuskarsa ta washe duk da halin da muke ciki. Ya ce ya so ya ɓoye sai mun kai sama, amma tunda ta tambaya, ya ƙarasa wa Boeta maƙogwaron da ya bari.

“Ka ƙarasa yaya?”

“Kamar madubi, Tietie. Ko zane ɗaya ban bari ba.”

Ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa take, ba faɗa a ciki. Ta ce ranar da Armien ya rasu, kafin la'asar ya kira ta bayan gida ta zura yatsa a ramukan, yadda ya saba sa ta tun suna amarci, saboda yatsanta ya fi nasa siranta, yana kaiwa bayan kwana. Ta shafa ta ce masa sun yi. Ya naɗe ƙarfen a bargo, ya wanke hannu, ya ce mata ya gama, ta ɗora masa shayi.

Toyer ya ce amma ai da kaushi. Ta ce kaushin shi ne aikin. Na hayaƙi ake gogewa sumul don kada baƙi ya manne. Na shaƙa kuwa da gangan ake barinsu haka. Ta nuna gilashin gaban motar, inda hazon yake taruwa ya zama ɗigo, ɗigon ya haɗu da ɗan'uwansa ya gangara. Ta ce haka fetur yake yi a bango mai santsi. Kafireta tana fesa shi kamar hazo, inji kuma hazon yake so. Kaushin ne ke motsa iskar ya hana shi kwanciya. In bangon ya yi sumul, ramin kuma ya yi faɗi iska ta rage gudu, sai fetur ɗin ya kwanta ya taru, injin ya ji ƙishi, sannan ya sha da yawa ya ƙware.

Toyer ya zauna a bakin kwalta, cikin jiƙa, da fulogin a hannu. Ya buɗe tafukansa yana kallo.

“Ke nan hannunsa na goge,” in ji shi.

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba. Kuma Allah ya yafe mini, na ji haushin mamacin. Shekara da shekaru ƙanenka yana leƙe a bayanka, da sau ɗaya ka jawo masa kujera ka ce zo ka gani, ai da ba a yi haka ba. Na faɗa a raina, na kuma yi masa addu'a a kai.

Aka jawo mu gida. Toyer ya rufe garejin, ya daina goge komai. Cokulana suka dushe, mariƙin ƙofa ya yi dishi-dishi, ni da na yi shekaru ina roƙon haka sai na ji gidan ya zama na wasu. Mafarkin ma ya ɗauke. Yakan zauna a teburin safe ya yi tagumi, in tambaye shi ko ya ga wani abu jiya, ya girgiza kai.

Tietie ce ta zo da kanta, wata Lahadi, ta wuce ni a kicin ta je ta tsaya a kansa. Ta ce ya tashi ya kwance kan injin. Ya ce ƙarfen da ya ci ba zai dawo ba. Ta ce ta sani, faɗin ya riga ya tafi, amma kaushi ana iya mayarwa, kuma ita ta san yadda yake a yatsa. Shi ya yi, ita ta gaya masa in ya kai.

Haka suka kama. Ya sayo samfefa mafi kaushi, irin wadda a da ko kallonta ba ya yi, ya naɗa a bakin ƙaramin injin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kashe zane, yau shi ne zai zana a kan madubin da ya yi wata da watanni yana yi. Da ƙarfen ya fara ƙara sai da ya runtse ido. Tietie tana zaune a kan kujerar da na kawo mata, rana tana shigowa ta ƙofar gareji tana haska ƙurar da ke yawo a tsakaninsu. In ya tsaya, sai ta zura yatsa, ta lumshe ido yadda mijinta yake yi, ta daɗe, sannan ta ce da saura. Ya ƙara. Ta ce da saura. Yammaci bayan yammaci haka, har na fara tsoron zai huda ƙarfen ya faɗa hanyar ruwan da ke sanyaya inji.

Sai wata rana ta zura yatsa a na ƙarshe, ta zare, ta ce haka yake.

“Tietie, kin tabbata? Kamar nasa?”

“Kamar nasa, Toyer.”

Ya kifa goshi a kan teburin aikin, kafaɗunsa suna rawa. Washegari da na tashi na tarar an goge mini butar shayi.

Karo na biyu rana ce tas, iska ta share sararin. Motar tana ɗan jinkiri in za ta tashi daga danja, wannan kam ya zauna mata, amma ta haye Kloof Nek ba tari, ta bi hanyar da ke zagaye dutsen, kafiretocin suna shaƙar iska da wani gurnani mai zurfi. Tietie ta sauke gilashi, mayafinta yana kaɗawa ya shafo ni a baya. Haka muka kai sama.

Toyer ya ƙi kashe injin. Ya buɗe gaba ya sunkuya, ya kara kunne kusa da kafireta, yana murmushi shi kaɗai. Ya ce in aka saurara sosai, a ƙasan ƙarar akwai wani ɗan kaushi, irin gyaran muryar da Boeta yake yi kafin ya tsokani mutum. Muka bar shi, ni da Tietie muka zauna a kan benci da shayinmu. Teku ya shimfiɗu a ƙasa, jiragen ruwa a kai kamar ba sa motsi.

Na ce mata mun gode Allah da yatsanta bai manta ba. Ta ɗaga yatsan tana kallonsa.

“Ya manta, Liema,” in ji ta. “Tun ranar farko da na zura ban ji komai ba, ƙarfe ne kawai. Na yi ta cewa da saura ko zai dawo mini. Bai dawo ba.”

Na tambaye ta to me ya sa ta ce masa haka yake. Ta ce ta ga idan ba ta ce ba, ba zai daina ba. Kuma tunda ita ta rasa Armien, gara a samu ɗaya a cikinsu, ita da Toyer, da yake da shi.

Daga wajen motar Toyer ya ɗago yana yafuto mu da hannu biyu, wai Tietie ta zo ta ji, yanzu ma ya sake yi. Ta ajiye kofin a kan benci, ta gyara mayafi, ta tashi ta je ta sunkuya kusa da shi. Na ga ta lumshe ido, ta gyaɗa masa kai.